Wane suna zan ba staj ɗina a CV?

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce, shekarata ta biyu ina karatun lissafin kuɗi a Tawa, amma gidanmu nan Maradi, unguwar Zariya. A hutun bana na yi staj na wata uku, Yuli zuwa Satumba, a kamfanin wani Alhaji mai shigo da shinkafa da man girki. Aikina shi ne shigar da faktir a kwamfuta, da taya mai kes ƙirga kuɗi da yamma, wani lokaci kuma a aike ni banki da takardu. Yanzu zan nemi wani staj ɗin a banki. Ƙawata ta ce in rubuta "analyste financier", wai shi ke jan ido kuma kowa haka yake yi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina jin kunyar rubuta "stagiaire" kawai. Me zan sa?

Amsa: Ɗiyata, ki bi zuciyarki, ta gaya miki gaskiya. Ɗauko takardar shaidar staj da suka ba ki, wadda muke ce wa atestasiyo, ki duba abin da aka rubuta a kanta. Sunan da za ki sa a CV kada ya wuce wannan. In takardar ta ce kin yi staj a sashen lissafi, ki rubuta "stagiaire en comptabilité", ki sa sunan kamfanin, da garin, da watannin. In ba su ba ki takardar ba tukuna, ki koma gobe da safe ki roƙa, tun suna tune da fuskarki.

Ga dalilina. Mai ɗaukar aiki yana ajiye CV da atestasiyo gefe da gefe a kan tebur. Da ya ga sun saɓa, ba zai ce ƙawarki ce ta zuga ki ba, cewa zai yi wannan ba a ba ta ajiyar kuɗi. A aikin kuɗi kuwa amana ita ce jarin farko. Ga shi Maradi ba ta da girman da mutum zai ɓace a cikinta. Bankin da za ki kai wa takarda, wataƙila a nan Alhajin naki yake ajiya, kuma kontabul ɗinsa na shiga can kowane mako. Waya ɗaya ta isa: "Yarinyar nan da ta zauna wurinku, me take yi?" Duk sunan da za ki rubuta, ki tabbata in an karanta wa wanda ya kula da ke zai ce e, haka ne.

Na taɓa zama cikin masu tantance ƴan neman aiki. Wani yaro ya shigo, tsaf da shi, riga a goge, takardunsa cikin jaka mai kyau. Ya rubuta "analyste financier" a kan staj na wata biyu. Abokin aikina ya tura masa bilan, wato takardar da ke nuna dukiya da basussuka, na wani ƙaramin kamfani, shafi ɗaya tak, ya ce ya faɗa mana ko kamfanin zai iya biyan basussukansa na kusa. Yaron ya riƙe takardar, ya juya ta, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Har yau abin na ci mini rai, domin da muka kwantar masa da hankali muka tambaye shi ainihin abin da ya yi, ashe ya iya daidaita littafin kamfani da takardar banki sarai, har ya bayyana mana yadda ake bin sawun cek ɗin da aka bayar amma bai fita daga asusu ba tukuna. Irin mutumin da muke nema ke nan. Amma sunan da ya ɗora wa kansa shi ya jawo masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, kuma sauran da ke wurin sun riga sun sa masa alamar tambaya. Ba a ɗauke shi ba.

Mai nazarin kuɗi, wato "analyste financier" ɗin, aikinsa karanta lissafin kamfani na shekaru, ya auna riba da bashi, ya yi hasashe, ya ba da shawarar da za a zuba kuɗi a kanta ko a janye. Babu bankin da ke jiran wannan daga ɗalibar shekara ta biyu. Abin da suke so su gani shi ne kin taɓa takardun gaske da hannunki.

To, batun kunya. Ki daina raina abin da kika yi. Ƙarfin CV yana cikin layuka biyu ko uku da ke ƙarƙashin sunan, a nan za ki baje kolinki. Maimakon "na taimaka a ofis", ki ce kin shigar da faktir na masu kawo kaya da na masu saye, ki faɗi kimanin nawa a mako in kina tune da adadin, ki ambaci abin da kika yi aiki da shi, Excel ne ko Sage. Ki ce kin taya rufe kes kullum, ana gwada kuɗin da ke aljihun tebur da abin da ke rubuce. In kin duba harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan faktir, ki faɗa. In kin yi aiki da lambobin asusu na tsarin SYSCOHADA, wato tsarin lissafin da kamfanonin ƙasarmu ke bi, wanda aka yi wa gyara ya fara aiki a Janairun 2018, ki rubuta shi, amma sai in kin san 40 na masu kawo kaya ne, 41 na masu saye, 52 banki, 57 kes, domin za a tambaye ki. Inda kallo kika yi, ki ce kin halarta. Inda taya wani kika yi, ki ce kin taya. Kai takardu banki ma ba ƙaramin abu ba ne, ba kowa ake danƙa wa ba.

Sunaye biyu kuma ki nisance su ko da wasa: "expert-comptable" da "comptable agréé". Na waɗanda ke cikin rajistar ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa ne, wato ONECCA, doka ce ta keɓe musu.

Tambaya: Kawu, ni a shagon baffana na babbar kasuwa nake riƙe littafin bashi da na shigar kaya duk hutu, shekara uku ke nan. Ba yarjejeniyar makaranta, ba takarda. In kira shi staj?

Amsa: A'a ɗana, kada ka kira shi staj, domin za a nemi takardar da ba ka da ita. Amma ka sa shi a CV, aiki ne na gaske, kuma shekara uku kana bin bashi a kasuwar Maradi makaranta ce babba. Rubuta "aide à la tenue des comptes, commerce familial", ka nuna a lokacin hutu ne, kada a ɗauka shekara uku cur ka yi. Ka fito fili cewa shagon na dangi ne, kada sai daga baya a gano. Ka roƙi baffa ya sa a buga maka ƴar wasiƙa mai faɗin abin da kake yi da tun yaushe, ya sa hannu, ya buga hatimin shago in akwai, da lambar NIF, wato lambar shagon ta haraji. Kafin ka kai CV ɗin ko'ina, ka karanta masa shi da Hausa layi bayan layi, ya san abin da zai faɗa ranar da aka kira shi.