Zuwan farko wurin likitan haƙori: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, turmina na ƙasa ya yi kogo, yana hana ni barci. An ce in je Dutse, amma ban taɓa shiga wurin likitan haƙori ba. Da na zauna cirewa za su yi? (Wani manomi daga Kiyawa)

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ba da cirewa ake farawa ba. Bayan ka yanki kati, tambayoyi za ka sha: yaushe ciwon ya soma, ruwan sanyi ke tayar da shi ko shayi mai zafi? Kana da hawan jini ko ciwon suga? Wane magani kake sha? A nan mutanenmu ke ɓoye-ɓoye, kuma kansu suke cuta. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini kan zubar da jini fiye da kima in an cire masa haƙori, mai sugan da bai daidaita ba kuma ramin yakan daɗe bai warke ba. Ka zuba kwalayen magungunanka a leda ka tafi da su, har jiƙon da kake sha ka faɗa.

Daga nan sai ka kishingiɗa a kujera, a haska fitila, likita ya bi bakin da ɗan madubi. Ba mai ciwon kaɗai zai duba ba: babba yana da haƙora 32, duk zai bi su, da dasashi da harshe. Wataƙila ya ɗan ƙwanƙwasa turmin, ya tura ka hoto. In kogon bai kai jijiya ba, ciko ya wadatar. In ya kai, ko dai a kwashe jijiyar a cike, wanda ya fi tsada kuma yakan so zuwa fiye da ɗaya, ko a cire. Ka tambayi kuɗin kowanne kafin a taɓa ka, haƙƙinka ne. Kuma ka karya kumallo kafin ka fito, don bayan allurar kashe zafi leɓe yakan yi awa biyu zuwa uku a mace.

Tambaya: Cikina wata biyar, dasashina na jini ko asuwaki na yi. Surukata ta ce mai ciki ba ta zuwa wankin haƙori. (Wata baiwar Allah daga Gezawa)

Amsa: Malama, Iya tausayinki take ji, amma ki lallashe ta ki je. Ciki kan sa dasashi ya kumbura ya riƙa jini, kuma tsakanin wata 4 da 6 ne lokacin da ya fi dacewa da aikin. Ki faɗi watannin cikin tun a bakin ƙofa, saboda zaɓen magani. Wankin ba ya sassauta haƙori. Dattin da ya daskare a gindinsa kamar siminti shi ke cin dasashin, shi kuma ake kankarewa.

Tambaya: Da gaske cire haƙorin sama yana kashe ido? (Wani matashi daga Ringim)

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Abin tsoro shi ne mai cirewa a kasuwa, wanda ƙarfensa ke fita daga baki ya shiga baki ba a tafasa ba. Ta haka ake ɗaukar ciwon hanta.

Tambaya: Ɗana shekararsa 6, kumatunsa ya kumbura, ga zazzaɓi. In jira ranar kasuwa? (Wata uwa daga Garko)

Amsa: Kada ki jira, uwar yara. Kumburin fuska da zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ta fara yaɗuwa ce. Ki kai shi babban asibiti mafi kusa yau. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. In ya kasa haɗiye miyau ko buɗe baki, ko da dare ne a nemi mota. Kada a cusa masa asfirin ko kanwa a kogon haƙori, ƙona dasashi suke yi.