Ƙanena, ka koyi cewa a'a kafin ka sauka Jamus

Ƙanena, na ga saƙonka. Barka da arziki, Allah ya sa albarka a gurbin karatun da ka samu a Göttingen. Ka tambaye ni ko gaskiya ne Jamusawa ba su da fara'a, kuma me za ka tanada ban da rigunan sanyi.

Riguna ka bari sai ka iso, na nan sun fi kauri. Bakinka nake so ka shirya.

Ina wata na biyu da zuwa, farfesan da ke duba aikina ya tambaye ni ko zan kawo masa babi na farko ranar Juma'a. Na san ba zai yiwu ba, amma ina ni ina ce wa malami a'a ido da ido? Na sunkuyar da kai na ce to, zan ƙoƙarta. Da Bahaushe ne, daga jin wannan "to" ɗin ya san an ƙi cikin ladabi. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauki biro ya rubuta a kalandarsa. Juma'a ta yi, ba babi ba labarinsa. Jinkirin bai ɓata masa rai kamar alkawarin ba. Ya ce da na faɗi gaskiya tun ranar, da ya ba ni mako uku. Sunkuyar da kan ma, da mu muke kira kunya, shi ya ɗauka wani abu nake ɓoyewa.

Kara kuwa yunwa ta ja mini. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta gayyace ni shan kofi wata Lahadi, ta miƙo kek, na ce na gode, na ƙoshi. Ina jiran ta sake tayi sau biyu kamar yadda Hajiya za ta yi, sai na ga ta ɗauke farantin. Ga shi kantunan abinci a rufe suke ranar Lahadi. Gurasa busasshiya na kwana da ita.

Su ma suna da nasu ladabin, kada ka raina shi. Babba ko baƙo "Sie" ake ce masa, wato "ku" na girmamawa, ba ka koma "du", wato "kai", sai shi ya ba ka izini. Ofis da asibiti sai da "Termin", wato lokacin da aka ba ka, kuma ƙarfe tara na nufin tara. Bayan goma na dare a rage murya, ko da Kano kake waya da ita. In farfesa ya ce aikinka bai yi ba, aikin yake nufi, gobe ma zai gaishe ka lafiya lau.

Gaisuwarmu mai tsawo ka ajiye ta sai ranar Juma'a a masallaci, za ka sami masu amsa maka har da ina gajiya. In ka kama ɗaki, kwana 14 gare ka ka yi rajistar adireshi a ofishin gari, don haka ka nemi Termin tun ranar da ka karɓi makulli. Ka gaida Hajiya.