Shekarata 34, ban taɓa jin mace ta ce tana sona ba

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Ni mutumin Kano ne, shekarata 34, sana'ata gyaran waya. Ban taɓa aure ba. Ba ma auren ne ya fi cin raina ba, budurwa ma ban taɓa yi ba. Ƙannena maza sun yi aure, ƙaramin ni nake riƙe hannunsa in kai shi makarantar allo, yanzu 'ya'yansa ke kirana Baffa. Ni kuwa har yau ban san yadda ake ji ba idan mace ta kira ka don kawai ta ji muryarka. Wayoyin mutane nake wuni ina gyarawa. Ina gama ɗora sikirin in kunna, sai saƙonni su fara shigowa: "Ka ci abinci?" "Ka isa gida lafiya?" Allah ya sani ba leƙe nake ba, a kan gilashin suke fitowa. Tawa wayar in ta yi ƙara, to mai karɓar gyara ne.

Likita ya ce ina da larurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci. Ba ni aka kai ba, ɗan yayata muka kai, sai likitan ya riƙa jefo mini tambayoyi, daga baya ya ce in dawo ni kaɗai. Da ya gama bayani sai na ji kamar a gidanmu ya tashi. Tun ina yaro ba na iya kallon idon mutum, ana ta yabona wai yaro mai kunya, alhali nauyi nake ji har cikin kaina. Gidan biki in aka saki kiɗa sai a neme ni a rasa. Majalisa ba na zama, don ana magana ana shewa ni ban ga abin dariyar ba, sai na koma ɗaki na kwanta sannan in gane ashe da ni ake. Gatse ba na gane shi sam.

Kada ki ce ban gwada ba Anti, na je zance. An shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta gaishe ni na amsa, sai shiru. Na lura bayan wayarta ya ɗan ɗago, alamar batir ya kumbura, sai na fara yi mata bayanin abin da ke kawo haka, ina ta yi ban san dare ya yi ba. Ta ce, "Lallai malam, yau na sha karatu." Na ji daɗi, na ce gobe zan ƙaro mata. Washegari ƙanwarta ta fito ta ce ba ta nan, ina kuwa jin muryarta a tsakar gida. Wata kuma ta ce za ta yi shawara. Na ƙyale ta tana shawarar, ban koma ba don kada in katse ta, sai katin ɗaurin aurenta na gani. Aka ce wai ni ne ban nuna da gaske nake ba. To yaya ake ganewa? In na matsa a ce na cika naci, in na ja baya a ce wasa nake. Abokan sana'a suna cewa mace in ta ce a'a wani lokacin e take nufi, jan aji ne. To wane lokacin? Ba wanda ya taɓa faɗa mini wane lokacin.

A gida Hajiyarmu ta haƙiƙance aljana ce ta aure ni. An yi ruƙiya, an yi hayaƙi, na sha rubutu har na gaji. Yaya Babba kuwa cewa yake a ƙyale ni, ni ba na aure ba ne, in aka ba ni 'yar mutane zan kwana ina kwance rediyo in manta da ita. Na taɓa tambayarsa ko abin da na tara zai isa lefe, tunda shi yake riƙe mini da katin banki, ya ce ba yanzu ba. To ba ma wannan ba, ko da kuɗin wa zan kai wa lefen? Da azumin bana yara masu tashe suka tsaya a ƙofar shago suna waƙar gwauro, kowa na dariya, ni ma na yi don na ga ana yi.

Dare ne ba na so. Kowa cewa yake ai ni na fi son zama ni kaɗai. E, ina son in keɓe na awa ɗaya ko biyu bayan hayaniyar kasuwa. Ban ce a bar ni shekara talatin ba. Ina son mutane Anti, hanyar ce ban sani ba, kuma kowa kamar da saninta aka haife shi. Shekara 34. Ban taɓa ba, ko sau ɗaya.

Shin irinmu suna aure? In na samu wata, in faɗa mata ko in ɓoye? Ko in haƙura kamar yadda Yaya ya ce?

Ɗanki, mai gyaran waya.

Wa alaikumus salam ɗana.

Kafin mu zo kan zaure da tabarma, dawo baya kaɗan. Akwai maganar da ka wuce ta da gudu, har ka ce "ba ma wannan ba." To ni wannan ɗin ce ta hana ni sakat. Katin bankinka yana hannun Yayanka. Tun yaushe? Alat wayar wa yake shiga? Kai ka san nawa ne a ciki? Mutane suna miƙa maka waya mai tsada da hotunan iyalinsu da duk sirrinsu, su tafi su dawo su same ta daidai, amma a gidanku ba a yarda ka riƙe katinka ba?

Ban ji ta bakin Yayanka ba, kuma ba ɗabi'ata ba ce in yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Mai yiwuwa da kyakkyawar niyya ya karɓa, lokacin kana sabon shiga sana'a, don kada 'yan damfara su wanke ka. Sai dai wanda yake riƙe da kuɗinka shi ne yake shelar kai ba na aure ba ne, kuma shi ne da ka nemi lissafi ya ce ba yanzu ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ranar da ka yi aure ranar katin zai bar aljihunsa, kuma ya san da haka. Ko maraya, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce a jarraba shi, in ya kai munzalin aure aka ga yana da hankalin riƙon dukiya a miƙa masa kayansa, a kafa shaidu. Dukiyar gado ke nan. Ina ga ƙato da gemunsa, da guminsa?

Asusun in da sunanka aka buɗe, BVN ɗinka ne, yatsunka ne. Ka ɗauki katin shaidarka ka je banki ka ce a buga maka takardar shige da ficen kuɗin asusun. Haƙƙinka ne, ba sai da izinin kowa ba. Ka karanta ta a natse. Wanda yake bin layukan injin waya ba lissafin banki ne zai gagare shi ba. Sannan ka sami babba ɗaya a dangi wanda Yaya yake jin nauyinsa, baffa ko kawu, ka nemi katinka a gabansa cikin ladabi, ba faɗa ba gori. In aka tsaya ja-in-ja, banki suna rufe tsohon kati su ba ka sabo, su mayar da alat kan lambarka. In ka san kana da rauni wajen kashe kuɗi, babu laifi wani ya riƙa taya ka dubawa a ƙarshen wata. Ya duba, kada ya riƙe.

Yanzu tambayarka. E, masu galahanga suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida. Wasu kuma ba sa yi, kamar sauran bayin Allah. Larurar ba hauka ba ce kuma ba aljana ba ce, yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, da shi ake haihuwar mutum, kuma gado yana da babban hannu a ciki, ga ɗan yayarka nan shaida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari. Yaran nan ba ɓacewa suke ba, girma suke, su zama teloli da malamai da masu gyaran waya. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana larurar, amma an daɗe ba a gane ta sai a yaran da abin ya yi wa tsanani. Shi ya sa irinka, mai magana mai sana'a, sai dai a ce masa miskili.

Kuma ka daina ɗora wa kanka laifin duka. Wani masani ɗan Birtaniya, Damian Milton, wanda shi ma yana da larurar, ya kawo hujja a 2012 cewa rashin fahimtar nan daga ɓangare biyu yake: yadda ba ka karanta mu, haka mu ma ba ma karanta ka. A 2020 masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka jera mutane suna miƙa wa juna labari ɗaya, daga baki zuwa baki. Jerin masu galahanga zalla ya isar da labarin daidai da jerin waɗanda ba su da ita. Sai da aka cakuɗa su labarin ya fi zubewa a hanya. Yarinyar zaure ba ta gane cewa bayanin batir ɗin nan shi ne toshinka ba. Amma kai ma, ɗana! Yarinya ta yi wanka ta ci kwalliya, ka cika ta da batir har dare? Ka koyi wannan kamar yadda ka koyi narka dalma: in ka yi magana kaɗan ka tsaya, ka tambaye ta wani abu game da ita, ka jira ta gama. Abokan sana'arka kuwa ka bar su da iliminsu. Mace in ta ce a'a, ka ɗauka a'a ce, ka kama gabanka da mutuncinka. In ta ce za ta yi shawara, ka tambaye ta yaushe za ka dawo jin amsa.

Ni dai ra'ayina zancen zaure ba naka ba ne, kuma dama ban taɓa ganin ya auna nagartar miji ba. Fage ne na masu zaƙin baki, kuma su ne rabin wasiƙun kukan da matan aure ke aiko mini. Ka bi ta hannun manya. Yayarka, uwar yaron nan, ta fi kowa sanin abin da ke damunka. Ita za ta duba maka a cikin ƙawaye da dangin miji da 'yan Islamiyyarsu, ta yi wa mace bayaninka kafin ku haɗu. Babu abin kunya a nan. Nana Khadija ƙawarta Nafisa ta aika. Julaibib, sahabin da ba wanda yake sa ran za a ba shi mata, Manzon Allah (SAW) da kansa ya nema masa, iyayen suka yi jim, yarinyar ta ce ta yarda. Kada kuma ka rufe ƙofa ga bazawara ko wadda ta ɗan manyanta. Wadda ta sha ƙaryar maza ta san darajar namijin da in ya ce ƙarfe biyar, ƙarfe biyar ɗin ne.

Ɓoyewa kuwa babu ita. Tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, irin su jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta, amma galahanga ba ta fita a gwajin jini, daga bakinka kaɗai za a ji. Ka faɗa kafin a sa rana, kuma ka faɗe shi yadda za ta gane zaman da za ku yi: ba na iya kallon ido amma ina sauraro, kiɗa mai ƙarfi yana sa ni ciwon kai, in na ɓata miki rai ki faɗa mini kai tsaye don fushin shiru ba zan gane shi ba. Wadda ta ji ta gudu ta rage maka wahala. Sannan kada ka tara kaɗaicin shekaru ka jibga wa 'yar mutane ita kaɗai. Ka nemi zaman da babu shewa a cikinsa, kamar karatun tsakanin magariba da isha, ko ka ɗauki yaro ɗaya kana koya masa gyara. A can dogon bayaninka abin nema ne.

Ku kuma iyaye da yayye masu karanta shafin nan, da ku nake. Da wuya a rasa irin wannan bawan Allah a dangi. A kai shi ruƙiya shekara goma, ba a kai shi gaban likita sau ɗaya ba, alhali ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga sashen a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ana morar aikinsa, ana aikensa, ana cin kuɗinsa, in aka zo maganar aure sai a ce ai wane sai a hankali. 'Ya'ya mata abin ya fi muni: a aurar da yarinya ba a yi wa mijin bayanin komai ba, wata shida a dawo da ita da takarda wai ba ta da fara'a, ba ta gaida dangin miji. Wa ya zaunar da ita ya ji me take ji in gida ya cika da baƙi?

Ɗana, ba ka faɗa mini ko mahaifinku yana raye ba, ba ka kuma faɗa ko Hajiya ta san abin da likita ya ce ba, ko har yanzu hayaƙin ake yi. Ka sake rubuto mini da amsar waɗannan, da abin da ka tarar a takardar bankin.

Antinku.