Bakin Teku a Bakin Bahaushe: Amsar Tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna kudu suka zo, waɗanda ke kwana suna tashi da ƙugin teku a kunne.

Wani matashi daga Nima a birnin Ankara na ƙasar Ghana ya rubuto: "Allah ya gafarta Malam, duk ranar hutu mukan je Labadi shan iska. Abokaina suna kiran wurin da sunan Turanci, wai Hausa ba ta da kalmarsa. Haka ne?"

Ba haka ba ne, ɗana. Bakin teku ake cewa, kuma ya wadatar. Gaskiya ne Hausa ta tashi nesa da teku, amma ba ta tashi nesa da ruwa ba. Da Bahaushe ya biyo fatauci da aikin soja ya sauka Ikko da Ankara, da kalmomin kogi ya zo. Gefen ruwa shi ne gaɓa, shi ya sa ake cewa gaɓar teku. Ƙasar da kuke zama a kai, mai laushi, mai zubewa tsakanin yatsu, rairayi ce. Mai tsakuwa-tsakuwa da ake kwaɓa siminti da ita kuwa yashi ne. Mutane da dama sun daina rarrabewa, kuma abin yana damuna, don duk magini ya san ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma gaci. Idan an ce magana ta kai gaci, daga masu ƙetare kogi aka ɗauko: ka shiga daga wannan gaɓa, ka fita a waccan lafiya. Ka tsaya a Labadi ka miƙa ido, ba za ka hango gaci ba, sai inda ruwa ya haɗu da sama. Wannan kalma kam ta kogi ce, sai dai aro idan an kawo ta teku. Malaman da suka yi karatun allo da littattafai sukan ce bahar, daga Larabci. Nan muka samu Bahar Maliya, wadda alhazai ke gani a Jidda, da Bahar Rum ta arewacin Afirka.

Wata baiwar Allah daga Ikko ta ce 'yarta ta tambaye ta sunan ruwan nan da ke tasowa ya daki gaɓa ya koma, ta rasa amsa.

Hajiya, ki ce mata igiyar ruwa, wannan kowa ya sani. Amma ki ƙara mata da wanda na fi so: raƙuman ruwa. Wasu ma taguwar ruwa suke cewa, taguwa kuwa ita ce macen raƙumi. Mutumin da ya saba ganin ayari ya fito daga Agadas ɗauke da gishiri, tozo na bin tozo, da ya ga ruwa yana tasowa layi-layi yana durƙusawa a bakin gaɓa, bai yi wahalar neman suna ba. Sai dai kada ta haɗa wannan da cikowa da janyewar teku. Raƙuman ruwa iska ke kaɗa su. Cikowa da janyewa kuwa wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi, har teku ta cika sau biyu a kwana guda, tsakanin cikar farko da ta biyu kusan awa 12 da minti 25. Shi ya sa inda kika shimfiɗa tabarma da hantsi, kafin la'asar ruwa na iya cinye shi.

Mai tambaya a kan yawo bisa duwatsun da ke tsaye a kan teku, irin waɗanda aka gina ganuwar Cape Coast a kansu: ka ce kan dutse ko bakin dutse, in wurin shimfiɗaɗɗe ne ka ce falalen dutse. Gangare shi ne inda za ka iya sauka da ƙafa a hankali. Inda dutse ya yanke a tsaye ba gangare ba ne, kada ka kira shi haka yaro ya ɗauka wurin sauka ne.

Wani malamin makaranta ya ce suna cin dokunu (tuwon masarar Ghana) da soyayyen kifi da shito (soyayyen yaji) a bakin ruwa a unguwar Jamestown ta Ankara, sai wani dattijo ya dubi masunta ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Yana son bayani.

Malam, koma ita ce ƙaramar ragar da mutum ɗaya ke riƙewa ya shiga ruwa da ita, irin wadda ake gani a bikin kamun kifi na Argungu. Karin maganar na nufin wanda kake wa dabara yana sane da kai. Abin da kuka gani a bakin teku kuwa taru ne: kwale-kwale ya kai shi can ciki ya zagayo, sannan maza su jeru a kan igiya biyu suna ja da baya suna waƙa, ƙafafu na nutsewa cikin rairayi, mata na jira da manyan kwanoni. In ka je ranar Talata za ka iske kwale-kwalen a kan tudu, don masuntan ƙabilun Ga da Fante ba sa fita su a ranar.

Tambaya ta ƙarshe a kan "iya ruwa fid da kai" ce. Mai tambayar ya ce ya iya iyo tun yana yaro a kogin garinsu, ko hakan ya ishe shi a teku.

Bai ishe ka ba, kuma ina roƙonka ka ji wannan da kyau. Karin maganar ba kirarin gwani ba ne. Cewa take yi amfanin iyawa shi ne ka tsira da ranka. Gaɓar Ghana da ta Ikko suna da wani ruwa mai ja, wanda ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya, sau da yawa daidai inda ruwan ya yi kamar ya lafa. Wanda ya saba da kogi yakan juyo ya yi ta kokawa da shi yana neman gaɓa, har ƙarfinsa ya ƙare. Idan ya ja ka, kada ka yi gaba da gaba da shi. Ka bi gefe, kana tafiya daura da gaɓa, har ka fita daga hanyarsa, sannan ka juyo. Kafin ma ka tuɓe riga, ka gai da masuntan wurin ka tambaye su inda ake shiga.