A yi musu rajista, soja ba ya zaɓen inda za a tura shi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce a ƙungiyar 'yan mazan jiya ta garinku wasu dattawa sun kawo shawarar a daina yi wa kowa rajista sai wanda ya taɓa fita aiki ƙasar waje, kana tambaya ko hakan ya dace. Ni na je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, don haka wannan doka ba za ta taɓa ni ba. Duk da haka ban goyi bayanta ba, kuma ina roƙonku kada ku bari ta shiga tsarin mulkin ƙungiyarku.

Duk wanda ya sa kaki ya san soja ba ya zaɓen inda za a tura shi. Sigina ke zuwa daga sama, samanja ya tsaya a filin fareti da takarda a hannu yana kiran lamba, wanda ya ji tasa ya fito gaba, wanda bai ji ba ya tsaya inda yake. Da aka shirya bataliyarmu, wanda ke gefena a sahu abokina ne tun difo na Zariya, ya fi ni iya harbi nesa ba kusa ba, amma aka bar shi cikin masu tsaron bariki. Aikin da ya faɗo masa shi ne raka hafsa layin matan aure duk ranar da labarin mutuwa ya iso daga Monrovia. Shi ke tsayawa a bakin ƙofa yana jin kukan yara, shi ke ɗaure kayan mamaci a kai wa iyayensa ƙauye. Wallahi da an ba ni zaɓi a lokacin, ba zan yi musaya da shi ba. Yanzu a ce in zauna a kujera, shi a tsayar da shi a waje?

Sannan mu faɗa wa juna gaskiya. Daga baya, zamanin Darfur, mishan, wato aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya zama abin nema saboda alawus na dala, har kamun ƙafa wasu ke yi a sa sunansu. Wanda ya samu ya dawo ya sayi fili, ga lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙirji. Wanda ba shi da kowa a sama ya zauna. Ba na rage wa waɗanda suka je komai, mun rasa mutane a harin Haskanita a 2007, Allah Ya jiƙansu. Amma in aka mai da fita waje sharaɗin shiga ƙungiya, an sake hukunta wanda sa'a ta tsallake tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ma'auni bai dace da tarihin sojan Najeriya ba. Gaskiya ne kakanninmu sun yi yaƙin Burma a runduna ta 81 da ta 82, shi ya sa har yau muke da barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya. Mun je Kwango a 1960, mun je Lebanon a 1978, mun je Saliyo. Amma yaƙin da ya fi cin sojanmu a gida aka yi shi, daga 1967 zuwa 1970. Sojan ƙasa da bai wuce dubu goma da 'yan kai ba kafin yaƙin, ya kai kusan 250,000 a ƙarshensa, kuma akasarinsu ba su taɓa riƙe fasfo ba. Ranar 15 ga Janairu da muke sa hula mu fita fareti kowace shekara, ranar ƙare wannan yaƙi ce. To da wace fuska za mu yi bikin ranar, mu kuma ce waɗanda suka yi yaƙin ba su cancanci katin ƙungiya ba? Haka waɗanda aka tura 'Yan Awaki a Kano a Disambar 1980 lokacin Maitatsine. Haka yaranmu da suka shekara da shekaru a Sambisa da Baga da Malam Fatori tun daga 2009, da waɗanda suka tsira daga harin da aka kai wa sansanin soja na Metele a 2018. Wanda ke shakka ya je maƙabartar sojoji ta Maimalari a Maiduguri ya ƙirga kaburbura.

Na san wasu na kafa hujja da Amurka. E, suna da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta VFW, wadda tushenta ya faro a 1899, kuma ba ta karɓar kowa sai wanda ya yi aiki a fagen daga a ƙetare. Amma su tun bayan yaƙin basasarsu manyan yaƙe-yaƙensu a ƙasashen wasu suke yin su. Kuma suna da American Legion ta 1919, wadda ba ta sa sharaɗin fita waje ba. Tsohon sojansu in ƙofa ɗaya ta rufe masa, akwai wata. A garinku ƙungiya nawa ce? Mu ma Nigerian Legion da aka kafa a 1964 ta tsofaffin sojoji ce gaba ɗaya, na ƙasa da na ruwa da na sama.

Akwai inda na fahimci dattawan. Abin da muka gani a Laberiya ba kowa za ka iya zama ka ba shi labari ba, wani lokaci kana so ka zauna da wanda ba sai ka yi masa bayani ba. Wannan haƙƙinsu ne. Su ware ranarsu, 'yan ECOMOG su yi zamansu, 'yan Darfur su yi nasu, 'yan Arewa maso Gabas ma haka. Amma asusun taimako da rajista da kuri'a su zama na kowa. Makanikin da ya tayar da motar da ta kwashe mu, da nas ɗin da ta yi jinyar waɗanda aka dawo da su asibitin 44 na Kaduna, layi ɗaya muke bi da su ranar tantance 'yan fansho.

In tacewa kuke so, ku tace sojan gona, don su ne matsalar gaske. Mun taɓa samun wani ya zo da lambobin yabo jere a ƙirji yana ba da labarin Freetown, sakatare ya ce ya faɗi lambarsa ta soja, sai ya fara lalube a aljihu. Soja ko cikin barci ka tashe shi zai karanto maka lambarsa. Ku nemi takardar sallama, ku duba lamba da bataliyar ƙarshe, ku samu mutum biyu da suka yi aiki da shi su tsaya masa. Wanda aka kora saboda laifi, kwamiti ya zauna a kansa daban. Kuma ku rubuta a fili cewa matar mamba in ya rasu tana da haƙƙi a asusun, ko a ina mijinta ya yi aiki.