Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ka Zuba Kuɗi a Fedal ɗin Eko na Jita

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato ɗan akwatin nan da masu kaɗa jita ke takawa da ƙafa ya riƙa maimaita sauti, wanda muka fi sani da fedal ɗin eko. Bari in fara da wadda ta fi ci min tuwo a ƙwarya.

Tambaya: Malam, ni mai gyaran waya ne a Farm Centre, ina kuma ɗan taɓa jita da yamma. Ina so in haɗa fedal ɗin eko na analog da hannuna. Na ga ayisi (IC) mai lamba MN3005, wato ɗan baƙin guntun lantarki mai ƙafafu da ke samar da ekon, a wani shagon intanet, guda biyar a kuɗin da bai kai na guda ɗaya a wasu wuraren ba, an kuma rubuta cewa sababbi ne fil na Panasonic. In tura kuɗi? Daga wani matashi a Fagge.

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka. Kai da ke zaune a Farm Centre, sikirin nawa aka kawo maka da sunan orijina, ka ɗora a waya ya nuna maka halinsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Panasonic ta daina buga wannan ayisi tun shekaru masu yawa, ragowar da ke hannun mutane kuwa tsada yake ƙarawa kullum, domin masu gyaran tsofaffin fedal a duniya suna rububinsa. To wane mai tausayi ne zai tara maka biyar ya ba ka a kuɗin ɗaya?

Sai ka san abin da kake saye tukuna, sannan ka gane yadda ake cutar mutane a kansa. Irin wannan ayisi ana ce masa BBD, injiniyoyin kamfanin Philips ne suka ƙirƙiro shi a 1969. A cikinsa akwai ƙananan kafasita, wato 'yan ma'ajiyar wuta, a jere, kowace tana karɓar ɗan guntun sauti ta miƙa wa ta gaba. Ka taɓa tsayawa inda ake zuba dakin, ka ga leburori sun yi layi suna miƙa wa juna kwanon kankare hannu da hannu har ya kai sama? Haka abin yake. Kwanon ba ya isa sai bayan ɗan lokaci, kuma a kowane hannu sai ɗan wani abu ya zube. Jinkirin shi ne ekon da kake ji, zubewar kuma ita ke sa maimaicin ya fito a dushe, da ɗan kauri, irin wanda masu jita ke mutuwar so.

MN3005 matakai 4096 gare shi. MN3008 yana da 2048, MN3007 kuma 1024. Akwai wani ƙaramin ayisi da ke buga musu lokaci, shi ke cewa a miƙa. Lissafin ba wuya: ka raba yawan matakan da ninki biyu na saurin bugun. In bugun 10,000 ne a daƙiƙa, MN3005 zai ba ka jinkirin milisakan 205 ko kusa da haka (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), MN3008 rabin wannan, MN3007 kuwa 51 kacal, wanda bai isa a kira shi eko ba. Shahararren fedal ɗin nan na Boss, DM-2, da ya fito a 1981, iyakarsa milisakan 300 ne.

To ga inda 'yan damfara ke shigowa. Sai su sami mai ƙananan matakai, ko wanda aka ciro daga mataccen inji, ko ma wani ayisin da ba ruwansa da sauti, su goge bayansa, su shafa baƙin fenti, su buga MN3005. A hoto ba za ka taɓa ganewa ba. Sai ka biya da dala, ka biya kuɗin kawowa, ka yi makonni kana jira, ka ɓata dare kana liƙa, sannan ka kunna ka ji shiru. Abin da ya fi ba ni takaici, yaro ba zai zargi ayisin ba, kansa zai zarga. Zai kwance aikin da ya yi daidai, ya ƙona allon da ake liƙa kayan a kai garin neman laifin da babu, daga nan ya ce shi dai ba shi da hannu a wannan sana'a. Asarar kuɗi da sauƙi a kan wannan. Wa kuma za ka kai ƙara? Shagon da ya sayar maka yau, wata mai zuwa ya sake suna.

Kuma kar ka ɗauka a intanet kaɗai ake yi. Kafasita, taransista, har dalmar liƙi, duk akwai gangariya akwai jabu a kasuwanninmu, sau da yawa shi kansa mai shagon bai sani ba, haka aka auno masa a kwali. Matsalarmu ita ce tambayar farko da muke yi a bakin shago: wanne ya fi araha? Ba ma cewa daga ina aka kawo, ba ma cewa in bai yi ba zan dawo da shi. Mutum zai yi awa guda yana murza shadda a Kwari, yana ɗaga ta a rana, amma kayan lantarki sai ya karɓa a leda ya jefa aljihu ko kallo bai yi ba.

In an riga an kawo maka, ga abin dubawa. MN3005 na gaskiya dogon jiki ne da shi, ƙafafu takwas, huɗu a kowane ƙarshe, tsakiyar babu komai. In ka ga ɗan guntu mai ƙafa takwas a cure, an gama da kai. Ka diga ruwan goge farce a auduga ka murza bayansa, in audugar ta yi baƙi, fenti aka shafa. Ka duba ƙafafun da gilashin da kake duba fanel ɗin waya, in akwai ragowar dalma, cirowa aka yi, ba sabo ba ne. Ko ya tsallake waɗannan duka, hukuncin ƙarshe sai a kan allo: in jinkirin ya tsaya a rabin abin da lissafi ya ba ka, MN3008 aka sauya wa suna.

Shawarata ita ce ka manta da tsohon na Panasonic. Xvive na buga sabon MN3005, Coolaudio na buga V3205 mai matakai 4096 tare da V3102 mai buga masa lokaci. Ka saya daga shagon da aka sani da kayan fedal, ko da ya fi tsada. Amma ka kula, MN3005 da dangin V3205 ba a musanya su a allo ɗaya. Na farkon yana aiki har da volt 15, abokin tafiyarsa MN3101 ne, na biyun kuwa ƙaramar wuta yake so, ƙasa da volt 10.

In kuwa wannan ne fedal ɗinka na farko, ni da PT2399 zan ce ka fara. Na Princeton Technology ne da ke Taiwan, ƙafa 16, volt 5, kuma araha ne na halal, ba na damfara ba. Gaskiya cikinsa dijital ne, amma maimaicinsa a dushe yake fita, a amfilifayar da yawancinmu ke da ita sai mai kunne sosai zai bambance. In ka ƙona ɗaya ba za ka kwana da ciwon kai ba.

Tambaya: Cajar laftof ɗina tana nan ba na amfani da ita. In jona wa fedal ɗin? Daga Hotoro.

Amsa: A'a. Yawancin cajar laftof volt 19 take bayarwa, fedal ɗinka 9 yake so. Bayan haka, akasarin fedal ɗin jita tsakiyar bakin wutarsu negetif ne, ita kuwa caja yawanci fozitif. Ka ga ɓarna biyu ke nan a lokaci ɗaya. Ka nemi adaftar volt 9 mai daidaita wuta, ka auna ta da mita kafin ka jona, domin abin da aka rubuta a jiki ba rantsuwa ba ce. Ka kuma sa dayod 1N5817, mai hana wuta shiga a juye, a mashigar wuta saboda ranar da wani zai ara ya jona a juye. Lokacin gwaji, batir ya fi kwanciyar hankali, musamman in a kan janareta kuke.

Tambaya: In na haɗa wannan fedal, kiɗana zai koma irin na masu jitar Agadas? Daga Kurna.

Amsa: Ba zai koma ba. Eko maimaita abin da ka kaɗa yake yi, in kuskure ka kaɗa sai ya maimaita maka shi sau huɗu a gaban jama'a. Je ka saita wayoyin jitarka, ka zauna ka koya.

Tambaya: Malam, ɗana yana karatun lantarki, ya mayar da ɗakinsa kamar shagon mai gyaran rediyo. Kullum hayaƙi da wari, kuɗin abincinsa duk a 'yan ƙarafa suke ƙarewa, wai akwatin jita yake haɗawa. Ba na barci, tsoro nake kar wuta ta ja shi. In hana shi? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya raya miki shi. Shi kansa akwatin da volt 9 yake aiki, ƙarfin ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu, ba ya jan mutum. Inda haɗari yake shi ne wutar bango mai volt 230. Abu biyu za ki sa wa ido: wayar ayan ɗin da yake narka dalma da shi, kar ta zama a fige ko an cusa ta a soket ba fulogi, sai kuma kar ya riƙa buɗe amfilifaya ko talabijin, domin manyan kafasitocinsu na riƙe wuta ko bayan an zare su daga bango. Hayaƙin da kike gani na maganin da ke cikin dalmar ne, yana damun ƙirji in an daɗe ana shaƙa, don haka ya buɗe taga ko ya fito tsakar gida. Ita dalmar guba ce in ta shiga ciki. Ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, kar ya riƙe ta da haƙori kamar yadda wasu masu gyara ke yi, kar kuma a bar ƙannensa su yi wasa da ɓurɓushinta a kan tabarma.

Batun kuɗi kuwa, kina da gaskiya. Ki ce ya rubuto miki duk abin da aikin ke buƙata a takarda ɗaya da farashinsa, kafin a sayi ko razista guda. Sayen tsinci-tsinci, yau Sabon Gari gobe Sabon Gari, kuɗin A Daidaita Sahu kaɗai ya isa ya ninka kuɗin kayan. Amma ni da za ki ji tawa, kar ki hana shi. Yaron da ke kwana a ɗaki da mita da waya, kin san inda yake, kuma hannun da ya iya wannan ba zai rasa abin yi a Kano ba.

Tambaya: Na gama haɗa nawa da V3205. Sautin jita na fita, amma maimaicin a shaƙe yake, ga wani siririn fito da ke tashi in na murɗa lokaci zuwa ƙarshe. Jabu aka sayar min? Daga wani mai kaɗa jita a coci, Sabon Gari.

Amsa: Malam, duk da dogon wa'azin da na yi a sama, wannan karon ba na zargin ayisin. Tun da maimaici na fita, yana da rai. Shaƙewar daga saitin bayas ne, wato ɗan ƙarfin wutar da ake saita wa mashigar ayisin. Akwai ɗan tirima a kan allon, wato ƙaramin maɓallin saiti da ake murɗawa, ka riƙa kaɗa waya ɗaya da ƙarfi kana juya shi a hankali. A gefe biyu za ka ji sauti ya shaƙe ko ya ɓace, a tsakiya akwai ɗan wuri da zai fito tas, nan za ka tsaya. Da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar sauti a sikirin, ya fi sauƙi, amma kunne ma yana yi.

Fiton kuwa bugun lokacin ne kake ji. Kana ƙara jinkiri, bugun na raguwa, har ya sauko inda kunnen mutum ke kamawa. Shi ya sa ake sa matata kafin ayisin da bayansa, su yanke sama-saman sauti. Ka duba ƙimar kafasitocin matatan ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa an sa mai lamba 102 ne a gurbin mai lamba 103, ninki goma ke nan. Ka gajarta wayoyin da ke zuwa maɓallin lokaci, ka nesanta su da wayar shigar sauti. In fiton bai tafi ba, ka haƙura da ɗan jinkirin ƙarshen nan, ka rage iyakar. In kuma shuu ne ya yi yawa, ka leƙa wajen ayisin NE570 ko 571, shi ke matse sauti kafin ya shiga ya buɗe shi in ya fito.

Wani abu da ban ga ka ambata ba: da fatan a kan soket ka ɗora ayisin, ba liƙa shi ka yi kai tsaye ba. Ga hunturu kuma, lokacin da mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji tsit a yatsa. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe BBD. Ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke shi, ka bar shi a cikin baƙin sosonsa sai an gama duk wani liƙi.

Tambaya: Akwatin alminiyon ya yi min tsada. In sa a robar sabulu? Daga Ɗorayi.

Amsa: Za ka sha gurnani daga kowace wayar wuta da ke ɗakin, kuma taku na uku za ta fashe. Ƙarfe ake so, a haɗa shi da negetif ɗin allon. In mai lamba 1590B ya fi ƙarfinka, kai wa maƙeran gwangwani awon su lanƙwasa maka mai kauri, ka shimfiɗa kwali a ƙasan allon kar dalma ta taɓa jikin ƙarfen. Tun da za ka zaga wajen 'yan gwangwan, ka duba tsofaffin injinan karaoke da amfilifayar lasifika masu maɓallin eko, wasu akwai BBD na asali a cikinsu. Ka karanta lambar kafin ka yi ciniki.