Ku Tambaya Mu Amsa: Sanyin Hunturu Ya Kai A Rufe Makarantu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya sanyi. Ni uwa ce yarana uku ke makaranta, autan ma nazare yake. Ƙanina da ke zaune a Ingila ya turo min bidiyo ta WhatsApp yaransa na gida suna ta wasa, wai an rufe makarantarsu saboda dusar ƙanƙara. Abin sai ya tsaya min a rai, mu nan ga muku-mukun sanyi ga hazo, amma bakwai da rabi dole yaro ya kasance a geti ko ya sha bulala. Wai me zai hana mu ma a rufe har sanyin ya lafa? Daga wata uwa, Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sanyi da godiya, Allah ya raya mana su. Wallahi na fahimci abin da ke damunki, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi wajen Kwangila ko Ƙofar Doka da sassafe a watan Janairu ya ga yara an jera su uku huɗu a bayan ɗan acaɓa, hanci na yoyo, leɓe duk ya fashe, ƙafa ta yi fari fat da kaushi, ba zai ce tambayarki ba ta da tushe ba. Amma ni dai ra'ayina kada a rufe, kuma zan gaya miki dalili.

Mu fara da can ɗin da ƙaninki yake. Mutane da yawa suna ɗauka sanyi ne yake sa Turawa rufe makaranta, alhali yawanci hanya ce. Dusar ƙanƙara in ta kwanta a kwalta ta daskare, titi yakan koma santsi, birki ba ya ci, motar da ke ɗaukar ɗalibai ba ta iya fita, malamin da ke zuwa daga nesa ba ya isowa, wani lokaci kuma bututun ruwa ya fashe ko na'urar ɗumama aji ta mutu. A Ingila shugaban makaranta ne ke yanke hukunci da kansa, shi ya sa za ki ga an rufe wannan amma ta unguwar gaba tana buɗe. A Amurka kuma shugaban hukumar ilimi ta yanki ne, tun kafin gari ya waye ake fita a duba hanyoyi sannan a sanar. Kuma rufewar ta kwana ɗaya ce ko biyu, da an share hanya an watsa gishiri shikenan kowa ya koma, a jihohin Amurka da dama ma sai an rama ranakun saboda dokarsu ta ce wajen kwana 180 za a yi ana karatu a shekara.

Abin da zai ƙara nuna miki maganar hanya ce, a ƙarshen Janairun 2014 dusar da ba ta fi inci biyu da 'yan kai ba ta sauka a birnin Atlanta na Amurka, garin da bai saba da ita ba, aka tashi makarantu da ofisoshi lokaci guda titi ya cushe, yara da yawa a makaranta suka kwana wasu ma a cikin motar makaranta. Amma ki je Finland, inda dusa ke rufe ƙasa wata da watanni, ba su san wani abu wai hutun dusa ba, an tanadi motocin share hanya, aji da ɗumi, yaro kuma an naɗe shi tun daga kai har ƙafa. A Yakutsk can Saiberiya ta Rasha sai sanyi ya kai wajen digiri 45 ƙasa da sifili kafin a ce 'yan firamare su zauna gida.

To mu dawo gida. Namu hunturun iska ce busasshiya da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, ƙurar nan da muke shaƙa mafi yawanta daga wani busasshen kwari take tasowa a ƙasar Chadi da ake kira Bodele. Tana farawa wajen ƙarshen Nuwamba ta kai har Maris, Disamba da Janairu ne tsakiyarta. Da asuba a Zariya sanyin kan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, wata shekarar ma ƙasa da haka, amma kafin azahar ya haye kusan 30, ke ma shaida ce, yaron da ya fita yana karkarwa shi ne zai dawo da rigar sanyin a ɗaure a ƙugu. Wato dai ainihin wahalar awa biyu ce ko uku ta safiya. In aka ce a rufe har ya lafa, maganar wata biyu ake yi ba kwana biyu ba, kuma ki tuna wani yanki na sanyin dama a hutun ƙarshen zangon farko yake faɗawa.

Wata biyu kuma Hajiya ba mu da shi. Korona ta cinye mana rabin shekarar 2020, a 2021 aka sake rufe makarantu a jihar nan saboda matsalar tsaro, a farkon 2022 kuma gwamnatin Kaduna ta mayar da makarantunta kwana huɗu a mako. Masu rubuta WAEC da NECO ba za a ɗaga musu ko kwana ɗaya ba don an yi sanyi a Zariya, takarda ɗaya za su rubuta da ɗan Legas da ɗan Fatakwal. Sannan in an rufe ina yaran za su? Ɗan mai hali zai zauna a falo da malamin lesin, ɗan talaka kuwa cikin sanyin nan dai za a aike shi ɗibar ruwa ko a ɗora masa tallan ƙosai, kuma daga cikinsu akwai wanda in ya yi wata biyu bai ga allo ba to ya tafi kenan, musamman yara mata. Kada ma wani ya kawo min zancen karatu ta intanet, birnin New York da duk kuɗinsa ya soke hutun dusa a 2022 ya ce a riƙa karatu daga gida, ranar da suka gwada a Fabrairun 2024 ɗimbin yara sun kasa shiga manhajar da safe, balle mu da waya ɗaya ce a gida ita ma tana aljihun maigida, ga tsadar data ga rashin wuta.

Abin da ya kamata ku nema, kuma kuna da haƙƙin nema, shi ne a matsar da lokaci. Su Amurkawan ma ba kullum suke rufewa ba, sau da yawa jinkirta shiga suke da awa biyu. A Janairu rana ba ta fitowa a Zariya sai wajen bakwai saura, kenan yaron da ake so a geti bakwai da rabi cikin duhu aka yi masa wanka. Me zai ragu in aka ce daga dawowa hutu zuwa tsakiyar Fabrairu takwas da rabi za a shiga, 'yan nazare ƙarfe tara, a ƙara rabin awa a lokacin tashi? Na biyu asambile, ban ga amfanin tsayar da ƙananan yara a fili iska na dukansu ana duba farce da safa ba, a yi addu'a da taken ƙasa a cikin aji ya wadatar. Na uku kuma wanda ya fi ƙona min rai, makarantun da ke ƙwace rigar sanyin yaro a geti wai ba kalar yunifom ba ce, ko a ce dole sai tasu mai tambari da suke sayarwa da tsada. Wannan zalunci ne, uban da da ƙyar ya je gwanjo a kasuwar Sabon Gari ya samo wa ɗansa suwaita ba za a tsaya masa a kan kala ba. Sai tagogi, ki leƙa ajin yaranki da kanki ki gani, in taga ba murfi yara kuma a ƙasa suke zaune kan siminti, to nan ne sanyin yake shigarsu, kuma kafinta da 'yan falankai da tabarma ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba. Kada ki je ke kaɗai, ki haɗa iyaye ko goma ne ku samu hedimasta cikin mutunci, sau da yawa su ma malaman suna so, wanda zai fara magana ne babu.

A gida kuma ruwan ɗumi, ko ma a mayar da wankan yamma da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa kawai, a shafe su da man kaɗanya ko basilin, a sa shimi a ƙarƙashin yunifom, kuma kada yaro ya fita bai sa wani abu mai zafi a cikinsa ba ko da koko ne. Don Allah kuma kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙinsa mai kisan ba ya wari ba a ganinsa, barci kawai mutum zai yi.

TAMBAYA: Malam ni malamin firamare ne a wani ƙauye ta hanyar Giwa. Duk ranar da aka tashi da hazo mai yawa rabin aji ba sa zuwa, in na ci gaba an bar su a baya, in na jira su kuma na cuci waɗanda suka zo. Ya zan yi?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Abin nan da kake gani da idonka har bincike an yi a kansa. Wani masanin tattalin arziki mai suna Joshua Goodman, lokacin yana jami'ar Harvard, ya bi bayanan ɗaliban jihar Massachusetts na shekarun 2003 zuwa 2010, ya fitar da sakamakon a 2014. Abin da ya gano, ranakun da aka rufe makaranta gaba ɗaya saboda dusa ba su rage sakamakon jarabawa ba, don malami ya san kowa ya rasa darasin sai ya gyara jadawalinsa, amma ranakun da aka bar makaranta a buɗe wasu suka zo wasu suka ƙi, nan ne ake samun naƙasu, musamman a lissafi. To ka ga rabin ajin nan naka shi ne mafi muni, ya fi a ce an rufe ranar baki ɗaya. Amma a lura, shi rufewar 'yan kwanaki a shekara ya auna, ba hujja ba ce ga mai son hutun wata biyu.

Shawarata, ranar da ka ga aji ya rabu kada ka buɗe sabon darasi da sassafe, ka yi bita da karatun baki da gyaran rubutu, sabon abu ka ajiye shi zuwa bayan tara lokacin da masu latti sun gama shigowa. Ka ajiye bulalar makara a wannan wata, yaron da ya san duka na jiransa a geti gara masa ya ƙi zuwa gaba ɗaya, wasu ma a gindin bishiya suke laɓewa har a tashi. Sannan ka samu mai unguwa da liman su yi wa iyaye magana cewa ko ƙarfe tara ne yaro ya zo za a karɓe shi. Ranar da kuwa hazon ya kai mota ba ta ganin ta gabanta, irin wanda hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke gargaɗi a kai har jirage su kasa sauka, yaranka kuma sai sun tsallaka babban titin Funtuwa, to a nan ne muka yi daidai da masu dusar ƙanƙara, hanya ta zama haɗari, ya dace a bar wa hedimasta ikon cewa yau kowa ya jira sai gari ya washe.

TAMBAYA: 'Yata sikila ce, tana aji biyu a makarantar kwana. Duk sanyi sai ciwon ya tashi. In ɗauko ta ne har hunturu ya wuce? Daga wani uba, Samaru.

AMSA: Allah ya ba ta lafiya Alhaji. Ita kam hukuncinta daban, duk abin da na faɗa a sama na masu lafiya ne. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon sikila, hunturu kuma ya haɗa duka biyun, don iskar na busar da mutum bai ma ji ƙishirwa ba. Kafin ka ɗauko ta, ka karɓo takarda daga likitan da ke duba ta ka kai wa shugabar makaranta, a rubuce a yarda a cire ta daga wankan ruwan sanyi na asuba da sharar safe da tsayuwar asambile, a bar ta da filas na ruwan zafi da bargo na biyu, gadonta kuma a matsar daga bakin taga, maganinta na kullum ya kasance a hannunta. Haka ma masu asma, abin shaƙarsu ya zauna a aljihu ba a ofis ba. In makarantar ta ƙi, ko ka ga duk da haka ciwon na tashi, ɗauko ta ka riƙa karɓo mata darasi wajen ƙawayenta. Ka kuma ja kunnen mai kula da ɗakin kwanansu, lokacin nan ne na sanƙarau da nimoniya, duk yarinyar da ta tashi da zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ko numfashi sama-sama, asibiti za a wuce da ita a take a kuma kira iyayenta, ba a ba ta farasitamol a ce a jira gobe ba.